Zuma Ga Zaƙi Ga Harbi: Magungunan Fulorokwinolon da Tsatsar Cikin Jiki

A cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake sayarwa a kantunan magani na Nijeriya, kaɗan ne suka kai wanda jama'a ke kira Cipro farin jini. Da zarar zazzaɓi ya ƙi sauka, ko ciki ya ɓaci, ko fitsari ya soma zafi, sai a ce ai taifod ne, ko kuwa ciwon sanyi ne, a tura yaro kemis ya karɓo kati guda ba tare da an ga likita ba. Cikakken sunan wannan magani shi ne sifirofuloksasin, kuma ɗaya ne daga cikin wani babban dangin magunguna da masana ke kira fulorokwinolon. Mai son gane 'yan wannan dangi sai ya dubi jikin kwali, domin kusan dukkansu sunayensu na ƙarewa ne da haruffan "floxacin".

Babu mai musun amfanin waɗannan magunguna. Sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa daga taifod da atini da cututtukan mafitsara da na huhu, kuma biyu daga cikinsu, wato lebofuloksasin da moksifuloksasin, suna sahun gaba wajen yaƙar tarin fuka mai bijire wa magani. To, amma zuma ce, ga zaƙi ga harbi. Tun daga shekarar 2008 hukumomin kula da magunguna suke ta ƙara tsaurara gargaɗi a kansu, saboda an tabbatar cewa a jikin wasu mutane ƙalilan sukan jawo tsinkewar jijiyar agara, da lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, har wani lokaci larurar ta zauna daram. Yaya aka yi maganin da aka ƙera domin bakteriya yake taɓa jikin mutum? Ɗaya daga cikin amsoshin da masu bincike suka fi mayar da hankali a kansu tana da nasaba da wani abu da kowa ya sani, wato tsatsa.

Asalin Dangin

A shekarar 1962 ne wani masanin haɗa magunguna mai suna George Lesher da abokan aikinsa a kamfanin Sterling-Winthrop na Amurka suka ba da labarin kakan wannan dangi, wanda aka raɗa wa suna nalidiksik asid. Sun kai gare shi ne ta hanyar bin diddigin wani tarkacen sinadari da ya fito a lokacin da ake haɗa kulorokwin, sanannen maganin zazzaɓin cizon sauro. Ƙarfin wannan kaka bai wuce cututtukan mafitsara ba. Daga baya aka gano cewa in aka liƙa wa jikin maganin atam guda na sinadarin fulorin, tare da wasu 'yan gyare-gyare, ƙarfinsa kan ninka sau da yawa. Daga nan sunan fulorokwinolon ya samo asali. Kamfanin Kyorin na Japan ya fito da nofuloksasin a ƙarshen shekarun 1970, sannan kamfanin Bayer na Jamus ya biyo da sifirofuloksasin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987.

Yadda Suke Kashe Bakteriya

Bayanin halittar kowace bakteriya a rubuce yake a jikin wani dogon zare mai tufka biyu, wanda masana ke kira DNA. A jikin bakteriyar hanji mai suna E. coli, tsawon wannan zare ya kai wajen milimita 1.5, alhali ita kanta bakteriyar tsawonta bai wuce kashi 2 cikin 1,000 na milimita guda ba. Kafin ta rabu biyu ta hayayyafa, dole ta warware tufkar ta kwafi abin da ke ciki. Duk wanda ya taɓa warware igiya ya san cewa in ana buɗe ta daga wannan kai, can gaba sai ta riƙa murɗewa tana ƙullewa. Don magance haka, bakteriya tana da wasu inzayim guda biyu, wato sinadaran da ke gudanar da ayyuka cikin ƙwayar halitta. Na farko shi ne jaires, wanda Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano a 1976, na biyu kuwa shi ne tofo'aisomeres na huɗu. Aikinsu shi ne su yanke zaren, su sassauta murɗewar, su kuma sake ɗinke shi nan take.

A daidai wannan gaɓa fulorokwinolon ke kai farmaki. Yakan bari sai inzayim ya yanke zare, sannan ya cusa kansa a bakin yankan ya hana ɗinki. Zaren gadon bakteriya ya tsittsinke ke nan, ita kuma ta mutu.

A shekarar 2007 wani ayarin masu bincike ƙarƙashin James Collins a Jami'ar Boston ya ƙara wani zance a kan wannan. Suka ce bayan yankan zaren, harkar numfashin bakteriya takan rikice, ta riƙa fitar da wasu miyagun sinadarai da ke ƙarasa ta daga ciki. A 2013 wasu ayari biyu, na Kim Lewis da na James Imlay, suka ƙalubalanci wannan ra'ayi, inda suka nuna cewa magungunan na iya kashe bakteriya ko da babu iskar oksijin. Muhawarar ta yi amfani, domin ta ja hankalin masana zuwa ga wata tambaya da ta fi kusa da majinyaci: shin waɗannan miyagun sinadarai suna tasowa a jikin wanda ya sha maganin?

Mece ce Tsatsar Cikin Jiki?

Ƙarfen da aka yasar a waje da damina yakan yi tsatsa. Doyar da aka fere aka ajiye takan sauya launi, haka ma goron da aka ɓare. Man gyaɗan da ya daɗe a buɗe yakan canza ƙamshi ya yi maƙaƙi. A duk waɗannan, iskar oksijin ce ke ƙwace wasu ƙananan ɓurɓushin lantarki da ake kira elektiron daga jikin abin. Oksijin ɗin da ɗan Adam ke shaƙa ba ta canza hali don ta shiga jikinsa ba.

A ƙa'ida, elektiron bibbiyu suke zama a jikin sinadari, kamar miji da mata. In aka sami sinadari mai ɗauke da elektiron guda wanda ba shi da abokin zama, to ya zama gwauro, kuma ba ya samun natsuwa sai ya fizgo elektiron daga maƙwabcinsa. Maƙwabcin da aka yi wa ƙwace shi ma ya zama gwauro, ya auka wa na gaba, abin ya yi ta yaɗuwa kamar wutar daji. Waɗannan su ne gwaurayen sinadarai. Tun a 1954 wata masaniya 'yar ƙasar Ajantina, Rebeca Gerschman, ta danganta gubar oksijin da su, sannan a 1956 Denham Harman ya kawo ra'ayin cewa suna da hannu a cikin tsufa.

Mafi yawan gwaurayen da ke cikin jiki daga wuri guda suke fitowa. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira maitokondiriya, waɗanda su ne murhun da ake ƙona abinci da oksijin a samar da kuzari. A nan ake miƙa elektiron hannu da hannu daga wannan sinadari zuwa wancan, har ya isa ga oksijin a sami ruwa. Amma kamar yadda murhu ba ya rasa tartsatsi, wani lokaci elektiron kan suɓuce a hanya ya faɗa kan oksijin tun lokaci bai yi ba, a haifi gwauron da ake kira sufa'oksaid.

Jiki yana da masu kashe gobara. Akwai inzayim mai suna SOD, wanda Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano aikinsa a 1969, shi ke mayar da sufa'oksaid ya koma haidurojin faroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Daga nan wani inzayim mai suna katales, da wani sinadari mai suna gulutatayon tare da inzayim ɗinsa, su mayar da shi ruwa. Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa wannan a aji: a zuba haidurojin faroksaid a kan yankin ɗanyar hanta, nan da nan kumfar oksijin za ta taso, a zuba a kan dafaffiya kuwa, sai a ga shiru, domin zafi ya riga ya lalata katales.

Haɗarin yana nan ne in haidurojin faroksaid ya taru bai sami mai kwashe shi ba, ya kuma ci karo da sinadarin ƙarfe. Wannan haɗuwa, wadda ake jingina wa Henry Fenton na Ingila saboda aikinsa na 1894, ita ke haifar da gwauron haidiroksil, mafi ɓarna a cikinsu duka. Rayuwarsa ba ta wuce wajen kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, amma duk abin da ya taɓa sai ya illata shi, ko kitsen da ke zama bangon ƙwayar halitta, ko furotin, ko zaren gado. Halin da gwauraye suka rinjayi masu kashe gobara shi ne Helmut Sies na Jamus ya fayyace a 1985, kuma shi ake nufi a nan da tsatsar cikin jiki.

Murhun da Asalinsa Bakteriya Ne

Abin da ya haɗa wannan bayani da fulorokwinolon shi ne asalin ita kanta maitokondiriya. A 1967 Lynn Margulis ta kawo hujjoji cewa maitokondiriya jikar wata bakteriya ce da ta shiga cikin wata ƙwayar halitta tun zamani mai nisa, suka zauna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. A yau masana ilimin halittu sun karɓi wannan bayani. Har yanzu maitokondiriya tana riƙe da nata zaren gado daban, kewayayye kamar zobe irin na bakteriya, mai harufa 16,569 a jikin ɗan Adam. Shi ma wannan zare yana bukatar mai sassauta masa murɗewa. Saboda haka makamin da aka wasa don bakteriya yana iya samun abin yanka a nan, in ya taru da yawa.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

A 2013 ayarin Collins, da Sameer Kalghatgi a kan gaba, suka zuba sifirofuloksasin da amfisilin da kanamaisin, kowanne daban, a kan ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka rena a ɗakin gwaji. Bayan 'yan kwanaki suka ga aikin maitokondiriya ya raunana, gwauraye sun ƙaru, an kuma sami alamun tsatsa a jikin kitse da furotin da zaren gado. Ɓerayen da aka bai wa magungunan su ma sun nuna irin waɗannan alamu, gulutatayon ɗinsu kuma ya ragu. Da aka haɗa musu da wani makarin tsatsa mai suna NAC, wanda jiki ke amfani da shi wajen ƙera gulutatayon, sai ɓarnar ta yi sauƙi. Abin lura shi ne, amfisilin da kanamaisin ba 'yan dangin fulorokwinolon ba ne, wato matsalar ba ta tsaya ga dangi guda ba.

A 2018 kuma wasu masu bincike a ƙasar Finlan suka nuna cewa sifirofuloksasin yana tare wani inzayim na ɗan Adam mai kama da jaires, har kwafar zaren gadon maitokondiriya ta tsaya. Zaren kuwa shi ke ɗauke da bayanin wasu muhimman sassan murhun. Idan sassa suka yi ƙaranci, elektiron ya ƙara suɓucewa. Gwauraye suka yawaita, su ƙara lalata murhun da ya haife su.

Agara, Fata da Hanta

Agara ita ce kakkaurar jijiyar da ta haɗa sha-raɓa da diddige, kuma ita ce ta fi shan wahala a wannan larura. Tun a 1983 likitoci a ƙasar Niyu Zilan suka ba da rahoton kumburinta a jikin wani da aka yi wa dashen ƙoda yana shan nofuloksasin. Jijiya irin wannan da wani furotin mai ƙarfi ake saƙa ta, sunansa kolajin, kuma jinin da ke ratsa ta kaɗan ne, shi ya sa gyaranta ke da nawa. A shekarar 2000 masu bincike a Faransa suka sami alamun tsatsa a jikin kolajin na agarar ɓerayen da aka bai wa fefuloksasin, suka kuma ga NAC ya kare ta.

Sai dai tsatsa ba ita kaɗai ke aiki ba. Waɗannan magunguna suna da halin damƙe wasu ma'adinai, irin su maganiziyam da kalsiyam da ƙarfe. Binciken Ralf Stahlmann da abokan aikinsa a Balin, a shekarun 1990, ya nuna cewa ƙarancin maganiziyam na yi wa guringuntsin ƙananan ɓeraye irin illar da maganin ke yi. An kuma gano cewa maganin na tunzura wasu inzayim masu daddatsa kolajin. Ga saƙa ta ragu, ga warwara ta ƙaru, ga kuma jiki yana ɗora wa jijiyar nauyinsa a kowane taku.

A fata, hasken rana ne ke kunna wutar. Wasu 'yan dangin, musamman lomefuloksasin da sifafuloksasin, sukan zuƙi wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, su fitar da gwauraye a cikin fata, ta yi ja ko ta yi bororo kamar ƙuna. Illar sifirofuloksasin ta wannan fuska ba ta kai tasu ba, duk da haka takardar da ke cikin kwalinsa tana gargaɗi game da yawan zama cikin rana.

A hanta kuwa, misalin da ya fi fitowa fili shi ne tirobafuloksasin, wanda mutanen Kano suka sani da sunan Trovan. Shi ne maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Yara 200 aka sa a gwajin, wajen rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani magani daban. 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Iyaye da gwamnati sun yi ƙara, musamman kan batun neman izini, kamfanin kuma ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi kisan, har aka yi sulhu da Jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Abin da ya karya kasuwar maganin ya faru ne a wani wuri daban. A 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta taƙaita amfani da shi bayan rahoton mutum 14 da hantarsu ta gaza aiki, 6 daga cikinsu suka mutu, Turai kuma ta dakatar da shi. Wani bincike na 2010 ya ga alamun tsatsa a maitokondiriyar hantar ɓerayen da aka haifa da rabin SOD ɗin murhunsu, bayan an ba su wannan magani. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa wanda masu kashe gobararsa suke da rauni tun farko, shi tartsatsi ya fi kamawa.

Matakan Hukumomi

A 2008 FDA ta wajabta rubuta gargaɗi mafi tsanani a takardar waɗannan magunguna game da kumburi da tsinkewar jijiya. A 2013 ta ƙarfafa gargaɗi kan lalacewar jijiyoyin saƙo. A 2016 ta ce kada a ba da su don ciwon kogon hanci ko kumburin hanyoyin huhu ko ƙaramin ciwon mafitsara, muddin akwai wani maganin. A 2018 ta ƙara da faɗuwar sukarin jini, da rikicewar tunani, da kuma tsagewar babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya, wadda ita ma da kolajin aka ƙarfafa bangonta. A wannan shekara hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar taƙaita su, tare da dakatar da kakansu nalidiksik asid. A watan Janairun 2024 Birtaniya ta ce kada a rubuta su sai in sauran magungunan da aka saba ba su dace ba, ta kuma ƙiyasta cewa illa mai naƙasarwa ko daɗewa tana samun aƙalla mutum 1 zuwa 10 a cikin kowane 10,000 da suka sha.

Abin Kiyayewa

Wannan adadi ƙarami ne ga wanda taifod na gaskiya ya kwantar, ko mai fama da tarin fuka mai taurin kai. A gare su rashin shan maganin ya fi shansa haɗari nesa ba kusa ba. Amma ga mai mura, wadda bairos ke kawowa kuma maganin bakteriya ba ya taɓa ta, ko wanda aka ce yana da taifod bisa gwajin Widal kaɗai, wanda bai isa tabbatar da cutar ba, kasada ce ba riba, garin neman ƙiba a samo rama.

Waɗanda haɗarin ya fi yawa a kansu su ne masu shekara sama da 60, da masu ciwon ƙoda, da waɗanda aka yi wa dashen wata gaɓa, da masu shan magungunan sitiroyid irin su firedinisolon da deksametason. Akan kauce wa ba yara da masu ciki, sai in likita ya ga babu makawa. Duk mai shan maganin da ya ji ciwo ko kumburi a agara ko wata jijiya, ko zafi da tsikari kamar na allura a hannu ko ƙafa, ya dakata da sha, ya hutar da gaɓar, ya nemi likita a ranar domin a sauya masa wani. Larurar na iya bayyana cikin kwana biyu da fara sha, tana kuma iya jinkirtawa har watanni bayan an gama.

Kada sakamakon ɓeraye ya sa wani ya ruga sayen makarin tsatsa da kansa, domin ɓera ba mutum ba ne, kuma a wani babban gwaji da aka yi a Finlan, wanda aka bayyana a 1994, ƙwayoyin bita-karotin ƙara yawan sankarar huhu suka yi a tsakanin mashaya taba. Bugu da ƙari, tunda maganin yana damƙe ma'adinai, shan sifirofuloksasin tare da maganin ƙarin jini, ko maganin ƙwarnafi mai maganiziyam, ko kora shi da madara ko nono, yana hana shi shiga jini yadda ya kamata. Ƙa'idar da ke cikin takardarsa ita ce a sha shi awa 2 kafin irin waɗannan magunguna, ko awa 6 bayansu.

Tun daga 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya fulorokwinolon a rukunin magungunan da ake sa wa ido, waɗanda ake tanada don wasu cututtuka ƙayyadaddu, saboda yawan shansu barkatai yana koya wa bakteriya bijirewa. Ke nan tsimin wannan magani riba biyu ne: an kare agarar mai mura daga haɗarin da ba dole ba, an kuma adana kaifin maganin don ranar da mai taifod zai bukace shi.